Gyada Mai Kwanso a Ƙwaryar Goggo

Ranar Talata da hantsi Goggo ta cika, kafin la'asar an kai ta makwancinta. Na Allah muke, wurinsa za mu koma. Na maimaita wannan ya fi a ƙirga a ranar, amma bakina ne kawai yake faɗa, zuciyata tana wani wuri. Goggo yayar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun ina 'yar shekara shida har ta aurar da ni, kuma ranar da ta rasu wata biyu ke nan ban taka ƙofar ɗakinta na gaishe ta ba. Duk wanda ya zo ta'aziyya ya san da haka, don Mubi ba ta kai girman da za a ɓoye irin wannan magana ba.

Gidan ya cika tun kafin a gama wanka. Matan Muchalla masu kawo mana gyada sun zo a kan babura, uku-uku, wasu ko takalmi ba su tsaya nema ba. Wata tsohuwa daga Betso ta tako da ƙafa, ta iso bayan an dawo daga maƙabarta, ta zauna a bakin ƙofa tana ta faɗa wa duk mai wucewa cewa Goggo ba ta taɓa karɓar buhunta ba sai ta fara ba ta ruwa da abinci. Matan coci sun shigo da zannuwansu iri ɗaya, suka samu gefe suka zauna, ba su yi waƙa ba don sun san gidan da suke. Baba yana rumfar waje tare da maza. Mutum ne da ya haura saba'in, amma da na kai masa ruwa sai ya ce da ni yau babu sauran mai yi masa faɗa a duniya, ya juya fuskarsa bango.

Akwai mace ɗaya da na ƙi haɗa ido da ita. Mama muke ce mata, tsohuwa ce daga duwatsun Michika, mijinta ya daɗe da rasuwa, ita ce babbar mai suyar gyada a wurin aikinmu. Tana zaune a bakin murhu idanunta na zubar da ruwa. Dama kullum haka suke saboda hayaƙi, don haka ba wanda zai iya cewa ga hawaye ga ciwo. Ta miƙo mini hannu biyu tana yi mini sannu, na taɓa ɗaya da yatsuna na wuce. A raina na riga na yanke cewa ita ce silar rabuwata da Goggo.

Kafin kwana uku, gaisuwa ta fara zuwa da jela. Mace za ta ce Allah ya jiƙanta, ta ɗan matso, ta yi ƙasa da murya ta tambayi wa zai riƙe gidan mai, wato wurin aikin namu, yanzu. Wasu ba sa ma tambaya, kallona kawai suke yi su ce Allah ya taya ni riƙo. Na lura duk lokacin da aka faɗi haka, matan coci sai su duƙar da kai. Hajja, 'yar Borno mai fitar mana da mai kasuwa, ita ta fito fili ta ce a bari a yi addu'ar bakwai, ranar Asabar da ke biye mu zauna mu san inda muka dosa.

Gidan mai wani fili ne mai katanga a bayan gidan Goggo, da rumfar kwano da ɗakin ajiya ɗaya. Mu goma sha biyu ne mata, muna soya gyada, mu kai inji a markaɗa, mu matse mai, tunkuzar mu yi ƙuli-ƙuli. Goggo ta tara mu bayan shekarar da 'yan bindiga suka shigo gari kowa ya watse. A hanyar gudun nan ta haɗu da Mama, a kan dutse, ba su san juna ba, ɗaya ta ɗauki kayan ɗaya. Da aka dawo Mama ta tarar da gidanta toka. Goggo ta buɗe mata ɗakinta, wata takwas suna kwana tabarma kusa da tabarma, ɗaya ta tashi salla ɗaya ta buɗe littafinta na coci. Unguwa ta yi ta surutu. Amsar Goggo ɗaya ce ga kowa, ɗakinta ne ba na unguwa ba.

A lokacin ba wanda ya yarda da wani. Mutum zai kalli maƙwabcinsa yana tunanin ina yake ranar da aka ƙone shagonsa. Shi ya sa da aka fara aikin, bakwai Musulmi biyar Kirista, Goggo ta ce ba za a yi shugaba ba. In ita ta hau, na coci za su ce bauta suke yi a gidan Musulma. In ɗayarsu ta hau, namu za su ce an juya musu gida. Sai a bar kujerar ba kowa. Kuma da gaske akwai kujerar, ta roba, fara, wani ya kawo mana kyauta. Har yau buhunan gishiri muke ɗorawa a kanta.

A maimakon shugaba sai ta kawo ƙwarya. Duk abin da ya shafi kowa, wuta ko kasko ko lokacin aiki, sai a yi magana a kansa ranar Asabar da hantsi. In an gama, kowacce ta shiga ɗakin ajiya ita kaɗai ta ɗauko gyada ɗaya a dunƙule a hannu, ta zo ta cusa hannun ƙarƙashin ƙyallen da aka rufe ƙwaryar da shi. Ɓararriya tana nufin na yarda. Mai kwanso tana nufin ban yarda ba. In aka zazzage a faifai aka ga mai kwanso ko da guda ɗaya ce, magana ta mutu, ba a sake ta da ita sai wata uku sun wuce. Kuma haramun ne mace ta faɗi abin da ta saka, ko ta tambayi wata. A kan wannan kaɗai na taɓa ganin Goggo ta ɗaga murya, ta kori wata gida mako guda don ta yi alfahari da ɓararriyarta.

Ita ke riga kowa zuwa, ita ke share filin, kuma tsintsiyarta ba mai taɓawa. In baƙo ya ce mata shugaba sai ta ce ita ba komai ba ce, ta dai riga mu tsufa ne. Wata rana wani ma'aikaci ya zo da fom, wai za a taimaka wa ƙungiyoyin mata da injin markaɗe, amma sai an rubuta ciyaman da sakatare. Ya tarar da ita a duƙe tana shara, ya ce ta kira masa mai wurin. Ta nuna masa mu duka da bakin tsintsiya. Ya ce to wa ke ba da umarni?

"Wuta," in ji Goggo. "In ta kama, kowa ya san aikinsa."

Mutumin ya yi dariya ya rubuta sunanta a gurbin ciyaman. Ba ta iya boko ba amma ta san siffar sunanta, ta tsaya a kansa sai da ya soke. Injin ya tafi wata unguwa. Mu kuma muka ci gaba da ɗaukar bokitai a ka zuwa inji, ina tafe ina ƙunƙuni, tana gabana ko a jikinta.

Ba zan yi ƙarya ba don na ji haushi, rashin shugaban nan ya yi mana rana. Ƙaramin abu wanda bai fita daga hannunki ba, ba sai kin nemi izinin kowa ba. Autarmu ce ta fara zuba citta da barkono a rabonta na tunkuza, muka yi ta yi mata dariya, kafin wata biyu ƙulinta ake fara tambaya a tasha, kowa ya koma yin irinsa. Wata ta fara tace mai da farin yadi sau biyu, wata ta ce a daina roba a koma kwalba. Da akwai oga, da sai an jira ya tashi daga barci ya ce a gwada. Sai dai ni na san abin da baƙi ba su sani ba. Goggo ba shugaba ba ce, amma in ta yi gyaran murya miting tsayawa yake, kuma kafin mace ta shiga ɗakin ajiya sai ta saci kallon fuskarta.

Wurin da ya fi ci mini rai shi ne suya. Mata uku ne a kan kasko, Mama da wasu biyu, a duƙe tun safe, fuska cikin hayaƙi, hannu na juya gyada da yashi. Idon Mama na hagu ya fara yin fari-fari, an gaya mata a asibiti ta nisanci hayaƙi, ta dawo ta zauna a bakin kaskonta kamar ba da ita aka yi ba. Na je wurin wani mai walda a unguwarmu muka yi ta zane a ƙasa da tsinke. Ya samo duron ƙarfe ya kwantar da shi kan ƙafafu huɗu, ya yi masa murfi da hannun juyawa, ya kafa bututun da zai kai hayaƙi sama. Mace ɗaya tana tsaye a gefe za ta soya abin da uku suke soyawa. Na gwada a gidan mijina, na kawo gyadar a kwano ranar Asabar ina ji da kaina.

Kowa ya ɗiba ya yaba. Mama ta ɗauki ƙwaya biyu ta tauna a hankali, ta ce da Hausarta ta mutanen dutse, "Gyadan ya wuce kaɗan. Man zai yi ɗaci." Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ni kuwa na ji kamar ta watsa mini ruwan zafi a gaban mutane. Aka kawo ƙwarya, aka zazzage a faifai, ɓararru goma sha ɗaya, mai kwanso ɗaya. Ban kalli kowa ba sai ita.

Na jira wata ukun, na koma wurin mai walda muka ɗaga duron daga wuta, muka ƙara ramuka. Na sake kawowa. Goma sha ɗaya da ɗaya. Na bar kaka ta wuce, na sake shiri, wannan karon har gida-gida na bi ina lallashi, gidan Mama kaɗai na tsallake. Farkon damina aka kawo ƙwarya karo na uku, mai kwanson nan ta sake gangarowa tsakiyar faifai. Duron yana jingine a bayan ɗakin ajiya ya fara tsatsa, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinsa. Shekara ɗaya da rabi ke nan, kuma a cikinsu idon Mama na hagu ya rufe gaba ɗaya. Na ce a raina wannan wane irin taurin kai ne, mutum ya gwammace ya makance da a ce yarinya ta fi shi dabara.

Ranar nan bayan azahar na bi Goggo ɗakinta. Tana zaune a ƙasa tana tsince tsakuwa a shinkafa. Ban ko zauna ba. Na ce kowa ya san mai saka kwanson nan, ta kira ta ta ja mata kunne, kalma ɗaya daga bakinta ta isa. Ta ce ƙwarya ba ta faɗi sunan kowa ba, ita ma ba za ta faɗa ba. Na ce ta daina yaudarar mutane, ita ce shugaba ko ta so ko ta ƙi, har gara ciyaman ɗin da take gudu, shi ai ana iya tsare shi a tambaye shi dalili. Wannan tsari nata, mutum ɗaya zai ɓoye hannu a ƙarƙashin ƙyalle ya danne goma sha ɗaya, ba mai ce masa don me.

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ke 'yar nan, ke 'yata ce. Akwai wadda ba za ta iya kallon idona ta ƙi abinki ba. Duron nan in ya shigo, hannu uku za su koma ɗaya. Kin tambaye su?"

Na ce ba zan tambayi wadda ta ɓoye mini fuska ba. Ta ce to in yi haƙuri. Kalmar haƙurin nan ce ta ƙarasa ni. Na buɗe baki na ce da ta haifi nata da ta san zafin a danne shi. Goggo ba ta taɓa haihuwa ba, aure biyu ta yi, duk a kan haka suka mutu, kuma ba wanda ya isa ya ambata a gabanta. Hannunta ya tsaya cikin shinkafar. Na jira ta zage ni, da ta zage ni da na samu sauƙi.

"Ja mini ƙofar in kin fita," in ji ta. "Kaji na shigowa."

Na ja ƙofar, kuma ban sake buɗe ta ba. Ina zuwa aiki in bi ta ƙofar baya, in tana rumfa ni ina inji. Da zazzaɓi ya kwantar da ni ta aiko mini da kunun gyada kwana uku a jere, irin mai tsamiya da take yi mini tun ina ƙarama. Na sha, na wanke kwanon na mayar, ban haɗa da ko sannu ba. A cikin wata biyun nan na samu wani fili a wajen dangin mijina, na yi magana da mata biyar a ɓoye, suka ce za su bi ni. Sai daga baya na lura dukansu masu salla ne. Na lura, kuma ban fasa ba. Ina jiran ranar da zan gaya wa Goggo ne aka aiko mini cewa ta faɗi da tsintsiya a hannu.

Asabar ɗin da Hajja ta sa ta zo. Mu goma sha ɗaya a ƙarƙashin rumfa, filin ba shara, don ba wadda ta iya ɗaukar tsintsiyar. Ba wanda ya tsara zaman, amma na duba na ga Musulmi a gefe ɗaya, na coci a ɗaya gefen, abin da ban taɓa gani ba a gidan. Hajja ta yi addu'a ta ce Goggo ta tafi, abin da ya yiwu da ita ba zai yiwu ba ita ba, a naɗa shugaba, kuma ga 'yarta. Wata daga cikin na coci ta ce ƙasa-ƙasa, in gado ake rabawa a gaya musu su san na yi. Wata daga namu ta ce mata ta ɗaga murya a ji. Na ga Mama ta dafa gwiwar matar cocin.

Na miƙe na ce ba na son kujera. Abu ɗaya nake so, a kawo ƙwarya a kan duro karo na ƙarshe. In mai kwanso ta fito, yau zan ɗauki durona in bar gidan, kuma ba ni kaɗai zan fita ba. Ina maganar ina kallon Mama, kowa kuma ya ga inda nake kallo. Aka ce ai wata uku ba su cika ba. Na ce mai dokar tana ƙasa. Har yanzu in na tuna na faɗi haka kwana goma sha ɗaya da binne ta, sai in ji kunya ta rufe ni.

Aka shiga ɗakin ajiya ɗaya bayan ɗaya. Mama ta tashi tana laluben bango da hannu, ta daɗe a ciki, ko ni ce na ga ta daɗe. Ta fito ta cusa hannu a ƙarƙashin ƙyalle ta koma ta zauna. Hajja ta ɗauki ƙwaryar ta zazzage a faifai, ta baza da yatsa. Ɓararru ne. Ta kifa ƙwaryar ta bubbuga gindinta, ba abin da ya faɗo. Na matsa na ƙirga da kaina har sau biyu, goma sha ɗaya.

Da na yi shiru a nan da na tsira da sauran mutuncina. Amma ni ce, sai na juya na ce ashe dai ana jin tsoro. Mama ta ɗago fuskarta, ta juyo da idon da ke gani.

"'Yata, ni ba tsoro ba," in ji ta. "Tun na farko ɓararre nake sa. Yau sau huɗu. Idon waye yana mutuwa a hayaƙin nan? Naki ne?"

Aka ce Mama, doka. Ta ce ta sani, a kore ta mako guda. Sai ɗaya mai suyar ta ce ita ma ɓararriya take sawa tun farko, bayanta ya gaji da duƙo. Ta ukun ta ce haka. Magana ta zagaya rumfar, kowacce ta faɗi nata, ba wadda ta taɓa ɗaukar mai kwanso. Na sake kallon faifan. Goma sha ɗayan nan da na saba gani ne sau uku, ba su ƙaru ba, ba su ragu ba. Ta goma sha biyun ce babu. Hajja ta rufe baki da mayafi ta yi salati a hankali, ta ambaci Goggo.

Na zauna a ƙasa. Mama ta ce duk ranar da aka yi ƙwarya a kan duro, da yamma Goggo takan zo bakin kaskonta ta tsuguna, ta ce ta kwantar da hankalinta, muddin tana raye ba mai raba ta da kaskon nan. Ita Mama ta ɗauka lallashi ne kawai. Na tambaye ta me take ce mata.

"Na ce na gode." Ta goge ido da bakin zane. "Mutum ya ba ka ɗakinsa wata takwas, ya zo yana maka alheri, za ka ce masa ba ka so?"

A nan na gane abin da muka yi, ni da Goggo. Ta tambaye ni ko na tambayi masu suya, ita ma ba ta tambaye su ba. Ta kalli Mama ta ga matar da ta tsinta a kan dutse ba gida ba miji, ta yanke cewa kaskon nan ne kaɗai ya rage mata kuma kunya ba za ta bar ta ta ƙi abin 'yar gida ba, sai ta ƙi a madadinta. Ni na kalle ta na ga tsohuwa mai hassada. Muna wuni da ita a fili ɗaya, taku goma tsakaninmu, kowaccenmu ta zauna ta yanke mata abin da take so. Dokar da Goggo ta kafa don kada a san hannun Musulma da na Kirista, ita ta rufe bakin Mama shekara ɗaya da rabi. Na ji haushin Goggo a ranar fiye da ranar da na ja mata ƙofa, kuma babu ɗakin da zan bi ta in yi mata faɗa.

Na rarrafa na durƙusa gaban Mama na ce ta yafe mini. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta ce in tashi in kori kajin nan daga ƙarƙashin duro, a wanke tsatsar kafin Litinin.

Ranar Litinin muka hura masa wuta. Na tsaya da agogon wayata ina jiran lokacin da na auna a gida. Mama tana zaune nesa, inda iska ba ta kai hayaƙi, ta karkata kai tana sauraren gyadar da ke juyawa a ciki. Saura minti biyar a lissafina ta ce a sauke. Muka sauke. Ta yi daidai, da na bi agogona da man ya yi ɗaci kamar yadda ta faɗa tun ranar farko. Yanzu aikinta ke nan, masu suya biyun suna karɓa-karɓa a hannun juyawa, ita tana ba da kunne. Filin dangin mijina na ce musu na fasa.

Ba mu naɗa shugaba ba. Gishiri na nan kan kujera, ƙwarya na nan. Abu ɗaya muka ƙara, kafin a rufe ta da ƙyalle sai an bi waɗanda abin zai taɓa hannunsu an tambaye su da baki, a jira har su amsa, kuma na gode ba amsa ba ce. Har yanzu muna da nawa wajen yanke magana, Asabar huɗu muka ci a kan murfin kwalba, akwai ranakun da nake cewa da ma a samu mai tsawa ɗaya a huta. Idon Mama na hagu kuwa bai dawo ba, an ce ba zai dawo ba.

Na rubuta wannan ne don masu zuwa gaisuwa sun fara mayar da Goggo wadda ba ta taɓa kuskure ba, kuma in aka yi haka an manta da ita ke nan. Ta tara mata goma sha biyu a lokacin da maƙwabci ba ya amsa sallamar maƙwabci, ta ƙi kujera har ta mutu, ta aiko da kunu ga wadda ta gaya mata maganar da ba a gaya wa uwa. Ni nake share filin yanzu, da tsintsiyarta. Ya Allah ka haskaka kabarinta, ka sa ta huta. Ka yafe mini wata biyun da na bi ta ƙofar baya, ita kuma ka yafe mata gyada ukun nan, don ka fi kowa sanin wa ta saka wa.